Shekarar da Na Tauna Wake Na Yi Shiru

Hajara, na san har yau ba ki huce ba. Kina zuwa ki gaishe ni, ki kawo mini goro da man zafi, amma tun ranar bikin 'yarki Nafisa ba ki ƙara miƙe ƙafa a tabarmata mun yi hira ba. Yayanki Bello ma ya kira ni a waya daga Yola yana ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya fito ya ce ko tsufa ne ya fara taɓa ni. Tsufa kam ya taɓa ni, ya kwashe mini haƙora ya bar mini ciwon gwiwa, amma hankalina yana nan inda na ajiye shi. Shi ya sa na keɓe wannan babi na labarina ga maganar nan, domin idan na fara da baki ba kwa bari in kai ƙarshe, sai ku yi ta tare ni da "Inna ki yi haƙuri."

Saboda jikokin da ba su nan, bari in faɗi abin da ya faru. Ranar da za a kai Nafisa gidan mijinta a Michika, bayan la'asar, mata suka cika ɗakina don a yi wa amarya faɗa kamar yadda aka saba. Dangin ango suna zaune ta bakin ƙofa, Nafisa tana gabana a lulluɓe tana shessheƙa. Sai ke Hajara kika miƙo mini takarda shafi biyu, wadda kika sa aka buga miki daga wani rubutu da ke yawo a wayoyin mata. A samanta an rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan ita ce tarbiyyar iyaye da kakanni.

"Inna, ke za ki karanta mata," kika ce. "Ke ce kika haura shekara arba'in a ɗaki ɗaya ba a taɓa jin kanku ba."

Na sa tabarau na fara bi. Kada mace ta ɗaga ido ta kalli miji. Kada ta ci abinci ko yunwa za ta kashe ta sai ya dawo. Idan ya yi kuskure kada ta gyara masa. Na yi ta haɗiyewa har na iso inda aka ce idan miji ya nemi shawararta ta ce masa yadda ya gani, kuma kada ta taɓa nuna ta fi shi sanin wani abu. A nan na ninke takardar na tura ƙarƙashin filo, na jawo ƙwaryar wake daga ƙarƙashin gado, na ɗebo ƙwaya uku na sa wa Nafisa a hannu na ce ta tauna ɗaya. Ta tauna, ya fashe ƙas. Na ce mata idan mijinta ya tambaye ta, ta faɗa masa abin da haƙorinta ya ji, Allah ya ba da zaman lafiya, a tashi a kai ta kafin rana ta faɗi. Mata suka yi ta dariya, wata daga dangin ango ta ce ita ba ta taɓa ganin faɗan amarya da wake ba, ke kuwa kika fice fuskarki a murtuke. Ban ga laifinki ba, tunda ba ki san labarin waken ba.

Ni a Maiha na tashi, a hannun kakata ta wajen uwa, 'yar ƙabilar Gude, mace gajera mai faɗa da hannun noma. Gonarta tana gindin dutse, kuma tun ban kai tsawon ƙotar fartanya ba nake binta. Idan an roro wake an buge an sheƙe, sai ta shanya shi a kan falalen dutse mu yi ta gadin awaki, kwana bakwai, wani lokaci har goma. Kowace yamma sai ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta tauna, ta ba ni ɗaya. Idan haƙori ya nutse ya bar shaida, da sauransa. Idan ya fashe ya rabu biyu da ƙara, to a kawo toka da barkono a zuba a randa. Ban yi boko mai nisa ba, wannan rubutun ma a makarantar matan aure na ƙarasa koyonsa, amma a maganar wake ko a lokacin ba na jin tsoron kowa. Kaka ta rasu ana saura wata huɗu bikina, don haka aka dawo da ni nan Mubi wajen Goggo Talatu, ƙanwar mahaifina, ita ta aurar da ni kuma ita ta yi mini faɗa.

Ina iya tuna ƙamshin turaren wuta da nauyin mayafin da aka rufa mini. Goggo ta riƙe kunnena ta cikin mayafin tana magana da ƙarfi don matan waje su ji.

"Mairo, ki buɗe kunnenki. Miji ba abokin gardamarki ba ne. Ko kin ga ya ɗauki hanyar da ba ita ba, ki ja bakinki. Idan ya ce ya kika gani, ki ce yadda ka gani. Macen da ta nuna wa miji ta fi shi sani, da ƙafarta take dawowa gida. Haka iyayenmu suka zauna, haka muka zauna, kada ki ja mana abin kunya."

Shekarata goma sha tara, marainiya, ba ni da gidan da zan koma idan aka koro ni. Na ɗauki maganar nan na riƙe ta kamar karatun allo.

Babanku tela ne ɗan tela. Kakanku daga wajen Katsina ya zo Mubi yana saurayi, ya auri Dada, Bafillatanar Wuro Patuji, ya kafa rumfa a kasuwa da keken ɗinkinsa na ƙafa, baƙi mai zanen ruwan zinare. Da ya rasu, keken nan shi ne duk gadon da babanku ya samu, kuma kullum da safe sai ya goge shi ya ɗiga masa mai kafin ya karya kumallo. A shekara ta biyu da aurenmu, ina da cikin Bello, kawunsa ya ba shi aron gona a Wuro Patuji. Mutumin da bai taɓa riƙe komai ba sai almakashi ya shiga noma da zuciya ɗaya, hannunsa ya yi kanta, wuyansa ya yi baƙi, kuma Allah ya ba shi wake irin wanda maƙwabta ke tsayawa su yi masa barka. A kan waken nan muka ɗora komai: abincinmu har wata kakar, irin shuka na baɗi, da ragon sunan abin da zan haifa.

Wani malamin gona ya gaya masa cewa idan aka zuba wake a duro aka rufe ruf ba iska, ƙwari ba sa rayuwa a ciki. Gaskiya ne, har yau haka muke yi. Sai dai dole waken ya bushe ƙayau, kuma wannan ɓangaren ko dai bai ji ba ko gaggawa ta sa ya manta. Ɗinkin Sallah ya taru a rumfa, masu kaya suna ta sintiri, awakin maƙwabta kuma sun hana mu sakat a tsakar gida. Ranar da shanya ta kwana uku sai ga shi da duro uku a amalanke, wankakku tas. Ina shara a gefen tabarmar, na sunkuya na ɗauki ƙwaya ɗaya na jefa a baki ba tare da na yi niyya ba, sabo ne kawai. Haƙorina ya nutse. Yana durƙushe yana ɗiba da kwano, sai ya ɗago ya dube ni.

"Ke da kika tashi a gona, ya kika gani? Ya yi?"

"Yadda ka gani, Malam."

"A'a, tambayarki nake yi."

"Ai kai ne mai gida. Abin da ka yanke shi ne daidai."

Ya yi murmushi, ya ce to bismillah. Na taya shi ɗiba har duro uku suka cika, na riƙe masa murfi ya ɗaure da igiyar roba. Waken da ke bakina na je bayan randa na tofar. Abin da nake jin kunyar rubutawa shi ne, a ranar har wani daɗi na ji, wai na ci jarrabawa, na zama matar kirki irin wadda Goggo ta ce.

Wata uku duron nan suna ɗakin ajiya. A satin farko, da na buɗe baki, da an zazzage an sake shanyawa ba a yi asarar ko mudu ɗaya ba. Kullum da safe idan na shiga ɗiban gero sai in ɗora tafin hannu a jikin duro in ji ɗumi, alhali ƙarfe ne a inuwa, ya kamata ya yi sanyi. Na san ma'anar ɗumin nan sarai. Sai in janye hannuna in roƙi Allah ya sa haƙorina ne ya yi kuskure. Sau biyu na shirya maganar a raina, ya shigo, na kawo masa ruwa, na durƙusa, sai in ji kamar Goggo ta riƙe mini kunne, in ɓige da tambayarsa ya kasuwa. Kuma kowace rana da ta wuce, maganar sai ta ƙara nauyi, domin yanzu sai na haɗa da bayanin dalilin da ya sa ban faɗa tun farko ba.

Na haifi Bello ranar Talata. Ranar Alhamis da hantsi babanku ya kwance duro na farko don ya kai kasuwa a sayo rago. Ina kwance a ɗaki warin ya iso ni. Waken ya cure ya zama dunƙule, fumfuna ta rufe shi, baƙi da kore, ko akuya ba za ta ci ba. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku. Ban ji ya ɗaga murya ba. Da na leƙa ta labule sai na gan shi zaune a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa, yana ta cewa laifinsa ne, shi ya yi gaggawa. Washegari bayan an sauko daga masallaci ya tafi rumfa ya kwance keken mahaifinsa ya sayar. Da kuɗin aka sayi ragon sunan Bello da buhun dawar da muka ci har damina. Bello, yau ka san abin da aka yanka maka.

Dada, surukata, ita ta zo daga Wuro Patuji ta yi mini wankan jego. Doguwar mace ce marar yawan magana, kuma ina tsoronta fiye da kowa, don a zatona idan akwai mai riƙe da al'ada a duniya to ita ce. Ta je ta duba waken da aka zubar a bayan gida, ta dawo. Sai da ta gama yi mini wankan safe, ta dama kunun kanwa ta miƙo mini, sannan ta zauna a bakin gado. Hausar Dada ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta, ni kuma "ɓingel am" take kirana da Fillanci, wato 'yata.

"Ɓingel am, kai ba a Maiha ka girma ba? Tsohuwa bai koya maka wake ba?"

Na fashe da kuka. Na ce ta koya mini. Na ce na tauna, na sani.

"Ka tauna. To shi ya tambaye ka?"

"Ya tambaya, Dada. Sau biyu."

"Ka ce me?"

Na gaya mata. Ta karɓe ƙwaryar kunun daga hannuna ta ajiye a ƙasa, ta yi salati, ta tambaye ni wa ya koya mini wannan. Na ce Goggo ce, ta ce haka iyaye suka zauna.

"Iyayen wa? Ni shekara talatin ina tare da uban mijinka, bai taɓa sa almakashi a yadi mai tsada ba sai ya kira ni na riƙe bakin yadin na duba masa. Uwata a ruga, shi ne yake cewa saniya kaza ba lafiya, kar a tsallaka rafi da shi yau, kuma Baffa yana ji. Kunya muna da shi. Har mijina ya mutu ban kira sunansa ba. Amma in ga rami a gabansa in yi shiru, in ce tarbiyya? Wannan mugunta ne, ɓingel am, ko ba ka yi niyya ba."

Ban taɓa jin magana ta dake ni irin wannan ba. Na roƙe ta kada ta gaya masa. Ta ce ita ba za ta faɗa ba, ni zan faɗa da bakina, idan kuwa na ƙi to in sani yaron nata zai yi ta zagin kansa a kan laifin da rabinsa nawa ne.

Na bari aka yi suna, baƙi suka watse. Wata safiya yana shirin fita neman wanda zai ɗauke shi ɗinki a rumfarsa, na ajiye Bello na durƙusa a gabansa. Na riga na ɗaure kayana a raina, na ce idan saki ne ma na ja wa kaina.

"Malam, waken nan tun ranar da muka zuba na san bai bushe ba."

Ya tsaya da hula a hannu.

"Mairo, ai na tambaye ki."

"Ka tambaya. Faɗan Goggo na bi."

"Da zagina kika yi ranar nan a gaban maƙwabta, da ya fi mini sauƙi. Keken Baba fa."

Ya sa hularsa ya fita. Kwana tara yana shigowa da sallama, ya ci abinci, ya ɗauki Bello ya yi masa wasa, amma tsakanina da shi babu abin da ya wuce ina kwana. Kwanakin nan sun fi mini naƙuda wuya. A rana ta goma ya dawo daga wajen kawunsa da ɗan ƙullin wake a leda, wanda aka taimaka mana da shi na iri. Ya kwance, ya kamo hannuna ya zuba mini.

"Duba mini wannan, ko zai yi. Kuma don Allah, daga yau idan na tambaye ki, ke nake tambaya. Da Goggo nake son ji, na san hanyar gidanta."

Na tauna ina hawaye, na ce ya yi, amma a tsince masu huda. Muka zauna a tabarma muka tsince tare.

Da na yi arba'in na je gidan Goggo da maganar a cikina. Na same ta tana matsar mai a tsakar gida, tana ɗaga murya tana gaya wa mijinta ta bayan zana cewa tunkiyar da yake shirin saye mai tari ce, kar ya kuskura ya shigo mata da ita. Shi kuma yana amsawa da to, to. Na tsaya baki buɗe. Da na ba ta labari sai ta tafa hannu.

"Ke Mairo! Ni ma haka aka faɗa mini ranar da za a kai ni, na faɗa miki. Maganar ranar biki ce, kamar guɗa. Wa ya ce ki ɗauka ki kai ɗakin ajiya?"

Na daɗe ina jin haushinta, Allah ya jiƙanta. Daga baya na gane ba ta nufe ni da sharri ba. Ta ɗauka kowace yarinya za ta ji da kunne ɗaya ta zubar ta ɗayan, kamar yadda ita ta yi. Ta manta cewa akwai irinmu masu tsoro, waɗanda duk abin da babba ya faɗa suke riƙewa, kuma Nafisa irina ce, kin fi kowa sani.

Shekara biyu babanku yana ɗinki a keken wani kafin ya sayi nasa. Na mahaifinsa bai dawo ba, wanda ya saya ya wuce da shi Kamaru, kuma har yau idan muka bi ta layin teloli ya hango tsohon baƙin keke sai ya rage tafiya. Bai taɓa yi mini gori ba, ni ce dai ban daina gani ba. Bayan wannan mun yi zamanmu, alhamdu lillahi. Mun yi gardama a kan gona, a kan makarantarku, a kan auren Bello. Ba kullum nake da gaskiya ba. Akwai shekarar da na matsa a yi shuka da ruwan farko, ruwa ya ɗauke, iri ya ƙone, ya yi shekara guda yana kirana malamar gona. Ranar da 'yan bindiga suka shigo muka bar garin nan da ƙafa tare da sauran jama'a, ni na ce mu bi ta dutse, shi ya ce mu tsaya mu ɗauki ruwa, kuma da ɗayanmu ya yi shiru ban san inda za mu kwana ba.

Laifina a wajenku shi ne ban taɓa ba ku labarin nan ba, don kunya. Kun tashi kun ga gida lafiya, ba ku taɓa jin na ɗaga wa babanku murya ba, sai kuka ɗauka shiru nake yi. A ɗaki nake faɗa masa, da ladabi, amma ina faɗa. Hajara, na san tsoron da ya sa kika buga takardar nan. Kina ganin aure yana ta mutuwa, kina son na 'yarki ya ɗore, ni ma haka nake so. A cikin takardar akwai maganar haƙuri da tsafta da rufa wa juna asiri, ban ƙi su ba, sai dai a karanta wa angon ma. Amma an rubuta a samanta cewa ta kakanni ce. To ga ni, ni ce kakar, kuma ba wanda ya zo ya tambaye ni. Tana nan ƙarƙashin filo idan kina son abarki.

Tun daga waccan shekarar babanku bai ƙara rufe duro ba sai na tauna. Bara haƙoran suka ƙare, na ce masa to malamar gona ta yi ritaya, ya nemi wata. Bana da aka kawo wake daga Wuro Patuji aka shanya, ran kwana na takwas da la'asar ya zo ya zauna kusa da ni a tabarma, yana nishi saboda bayansa. Ya zaɓi ƙwaya ɗaya ya sa a turamen haƙoransa, ya matso da bakinsa dab da kunnena ya tauna. Na ji ƙarar, ba ta fita sosai ba.

"Ya kika ji?"

Na ce a ƙara masa kwana biyu. Ya tashi ya je ya kori awaki.